Sunan Inna a Fasfo

Suleja,
12 ga Agusta, 1979.

Zuwa ga maigidana, Baban Azumi,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Yaya karatu, yaya ibada? Ka ce a can Ingila sai wajen ƙarfe tara ake shan ruwa. Da na karanta wa Inna wannan layin sai ta riƙe baki, ta ce in gaya maka ka riƙa cin sahur da kyau, ita ba ta haifi ɗa don ya je ya bushe a ƙasar mutane ba. Tana gaishe ka, Yaya Ɗanladi ma haka. Ka ga na rubuta Suleja a sama, sai da na rubuta Abuja sau biyu ina sokewa. Hannuna bai saba da sabon sunan garin ba tukuna.

Takardar likitan da ka aiko ta iso ranar Litinin. Maman Yetunde, nas ɗin nan da ke haya a ɗakunanmu na waje, ita ta karanta ta fassara min dalla-dalla. Ranar Talata, biyu ga Oktoba, zai ga Azumi, a satin kuma ya yi mata aikin. Wallahi a nan tsakar gida na yi sujada, ko tabarma ban nema ba.

Ba zan ɓoye maka ba, idon hagu ya riga ya tafi, kamar yadda likitan Kano ya faɗa. Na dama muke lallaɓawa. Har yanzu tana gane ni tun daga bakin zaure, tana faɗin kalar zanen da na ɗaura. Amma da rana ta take sai hawaye, sai ta shige rumfa ta kife fuska a cinyar Inna. Ina ɗiga mata maganin safe da yamma, ba fashi. A watan nan take cika shekara biyar, kuma ta sani, duk wanda ya shigo sai ta tuna masa wai watanta ake yi, a ba ta tukuici.

Yanzu ga maganar tikiti, kuma don Allah ka kai ƙarshe kafin ka ɓata rai. Na san ka ce in jira ofishinku na Minna su ba da nawa, sannan in sayi na Azumi a wuri guda, a haɗa mu a takarda ɗaya. Na jira. Sau uku Yaya Ɗanladi yana zuwa Minna, kullum a dawo jibi. Ana cikin haka wani abokinsa ya ce masa a watan Satumba 'yan makaranta ke komawa Turai, jirgi cika yake yi kamar motar Diko ranar kasuwa, wanda bai kama kujera da wuri ba sai dai ya jira Nuwamba. Hankalina ya tashi. Ni idan nawa ya makara, gwamnati ce, za ta nema min wuri. Ita fa, wa zai nema mata? Kuma tafiyar nan tata ce, ni 'yar rakiya ce kawai.

Shi ne ranar Alhamis muka yi sammako zuwa Kaduna da bakin azumi, wurin wani ejan mai sayar da tikitin jirgi, a saman bene. Fasfona ba ya hannuna, yana ofishin jakadanci ana jiran hatimin shiga. Akawun ya ce ba komai, a faɗa masa sunan yarinya kawai. Na ce Azumi, Yaya ya ƙara da sunanka, ya rubuta. Mun samu jirgin Alhamis, ashirin da bakwai ga Satumba, daga Kano kai tsaye zuwa Landan. Mutanen Minna kuma sun yi alkawarin a jirgin ranar za su sa ni. To ka ga ai an gama, jirgi ɗaya ne, rana ɗaya. Tikitin yana ƙasan adakata cikin ɗankwali, kullum sai na buɗe na duba shi kamar zai gudu.

Ka rubuto min irin kayan sanyin da zan nema mata. Maman Yetunde ta ce kar in wahalar da kaina, duk abin da na saya a kasuwar nan can ba zai tare komai ba, ta zauna can shekara biyu ta sani. Ni dai na ɗinka mata riguna uku masu dogon hannu.

Allah ya karɓi ibadarmu, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka,
Sakinatu.


Suleja,
9 ga Satumba, 1979.

Baban Azumi,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, da fatan an yi Salla lafiya. Mu ma nan lafiya, sai dai ni a tsaye nake. Takardarka ta iso, na ga faɗan da ka yi min a kan raba tikiti. Na karɓa. Ka ajiye sauran faɗan ma, don za ka buƙace shi idan ka gama karanta wannan.

Tikitina ya fito daga Minna, fasfo ma ya dawo da hatiminsa. Ranar da suka haɗu a hannuna don murna na kira Maman Yetunde ta zo ta gani. Ta shimfiɗa su uku a kan tabarma, ta sa tabarau, tana dubawa tana ba ni labarin dusar ƙanƙara. Ta duba tikitin Azumi, ta duba fasfo, ta sake duba tikitin. Ta ɗago ta ce, da Hausar nan tata, wai yara nawa gare ni. Na ce haba Maman Yetunde, yau kika san ni? Ta ce to a takardun nan yara biyu take gani.

Ga abin da ke tikitin, na kwafa harafi-harafi, ka yafe min: AZUMI LUKUMAN. Abin da ke cikin fasfo kuwa ka fi ni sani, tunda kai ka cika takardar kafin ka tafi. Sunan yanka ka sa, sunan Inna. Kuma ka san ba ta da fasfon kanta, a cikin nawa aka rubuta ta, suna da ranar haihuwa kawai, ko hoto babu.

Na ce mata ai duk garin nan an san Azumi ita ce mai sunan Inna. Ta ce mutumin filin jirgi ba ɗan garin nan ba ne. Ta ce da a takarda ɗaya aka haɗa mu, da abin ya zo da sauƙi, za su ga uwa da 'yarta ne a layi guda. Amma yanzu ni a wurinsu mace ce mai tafiya ita kaɗai, Azumi kuma wata yarinya ce dabam mai tafiya ita kaɗai, babu abin da ya ɗaure mu.

Ta tambaye ni me ya sa ban ba akawun sunan gaskiya ba. Ni kuwa in ce me? Kai ka sani. 'Yar fari ce, ga shi sunan mahaifiyarka take ɗauke da shi, ga Yaya Ɗanladi tsaye a kaina. Ta ina bakina zai buɗe? Shi ma da yake namiji, ɗanta na cikinta, ai bai faɗa ba. Kuma in gaya maka gaskiya, ko a raina bai zo ba. Shekara biyar rabon da in ji sunan nan a kan yarinyar, tun ranar suna da aka raɗa shi. Maman Yetunde ta ce su ma a wajensu matar gida ba ta kiran sunan dangin miji, laƙabi take sa musu, ta gane sarai. Amma ta ce a ofis a ajiye wannan a bakin ƙofa. Ai kuwa da na san haka da na ajiye. Kai ma kana da naka laifin, Malam. Ka cika takarda ka rufe ka tafi, ba ka taɓa ce min ga sunan da ka sa ba.

Washegari muka koma Kaduna, ruwa na dukanmu tun daga Diko. Ejan ya ce tikiti idan an rubuta ba a gogewa. Sai dai a mayar da shi Ikko a soke a fitar da sabo, sati uku ko huɗu, kuma da an soke kujerar ta tafi, akwai mutane a layi suna jiranta. Muka je ofishin masu jirgin, suka ce ba su suka sayar mana ba, mu koma inda muka saya. Yaya ya wuce Minna ko za su haɗa ta da nawa, aka ce masa su matar ma'aikaci suka sani, ba su san da yarinya ba. Kowa ya yi mana magana mai daɗi, kowa ya nuna mana ƙofar wani.

Daga ƙarshe ejan ne ya ce mu je kotu a yi takardar rantsuwa cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, wai ana yi, kuma yawanci ana wucewa. Wannan "yawanci" ita ta hana ni cin abinci. Na zaɓi mu riƙe kujerar mu yi rantsuwar, don idan aka soke ranar likita ta wuce mu. Idan kana ganin kuskure na sake yi, ka bugo talgiram, takarda ba za ta iso a kan lokaci ba.

Ban gaya wa Inna ba. Ta ga ina ramewa, ta ɗauka zumuɗin tafiya ne, tana ta min tsiya wai tun ban ga mijin ba na daina cin tuwo.

Azumi tana gaishe ka. Ta ce ka tanadar mata 'yar tsana mai rufe ido.

Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Sakinatu.


Suleja,
23 ga Satumba, 1979.

Baban Azumi,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, ina fata kai ma haka. Ƙila ma in riga takardar nan isowa, amma idan ban rubuta ba zuciyata za ta fashe. Talgiram ɗinka ya iso, na gode da ka ce mu riƙe kujerar.

An yi takardar rantsuwa, da hatimi da komai. Yaya Ɗanladi ne ya rantse. Ko a can ma bai furta ba, a 'yar takarda ya rubuta sunan ya miƙa wa akawun kotu.

Maman Yetunde ta duba ta ce ta yi. Amma ta ƙara da wata magana. Ta ce in koya wa yarinyar sunanta, ta riƙa amsawa, don ba a san abin da za a tambaya ba. Na ce to. Ranar Laraba na ja ta muka gangara bakin kogin Iku, inda ba kowa sai masu wanki can nesa. Na zaunar da ita a kan dutse, na riƙe hannunta. Wallahi na buɗe baki ya fi sau goma. Sai in ji kamar Inna na tsaye a bayana. Ita kuwa ta gaji da shiruna, ta ce Umma in ba tatsuniya za ki yi min ba mu koma gida, hasken ruwan yana sa idona ciwo. Muka koma.

Na roƙi Maman Yetunde ta gwada. Ta kira ta ɗakinta, ta ba ta biskit, ta faɗa mata. Sai yarinyar nan ta tuntsire da dariya, ta ce wannan ai sunan Inna ne, haka tsohuwar nan ta Izom mai kawo daddawa take kiranta. Ta ce za ta kai ƙarar Maman Yetunde wurin Inna, ta kira sunan babba. Da ƙyar na toshe mata baki da alewa. Daga nan na ce a bar maganar, kar ta je kunnen Inna. Ai ga takardar kotu, wa zai tsaya yi wa 'yar shekara biyar tambayoyi?

Haka nake gaya wa kaina. Amma jiya na miƙa mata kofi, sai da ta lalubi iska sau biyu kafin ta kama. A watan jiya ba ta yin haka. Tsoro nake ji, Baban Azumi, tsoro ƙwarai.

Ranar Laraba za mu kama hanyar Kano da Yaya, mu kwana gidan ƙanwar Inna. Kayanmu akwati ɗaya ne da jaka. Na sa maka kuka da daddawa da yaji, an ce za su iya ƙwacewa, oho dai. Ka tsaya inda za mu gan ka da wuri, ka sa farar riga, fari ta fi ganewa.

Sai mun iso da yardar Allah.

Taka,
Sakinatu.


Suleja,
30 ga Satumba, 1979.

Baban Azumi,

Ina gaishe ka. Ina fata kana lafiya, ina fata kuma talgiram ɗin Yaya ya same ka kafin ka bar Mancesta, kar a ce ka je ka tsaya a filin jirgi kana duban fuskokin mutane. Jikinmu lafiya. Ka ga daga inda nake rubutowa, ba sai na faɗa ba. Amma haƙƙinka ne ka ji yadda aka yi, daga bakina, ba daga bakin wani ba.

Mun isa filin jirgi tun bayan azahar. Ban taɓa ganin cinkoso irin wannan ba. 'Yan makaranta da akwatuna, ga wasu mutane sun fi ashirin a gefe waɗanda ba su da kujera, suna jiran ko wani zai fasa. Idonsu a kan hannun kowa. Na goya Azumi don kar a take ta, duk da ta yi girma da goyo.

Da layi ya zo kanmu na miƙa fasfo da tikiti biyu, takardar kotu a sama. Akawun ya duba jerin sunayen da ke gabansa, ya sami nawa, ya yi alama. Ya yi ta neman nata, sai a wani shafi ya same shi. Ya tashi ya kira babbansu.

Babban nan dattijo ne, Bahaushe, kuma ba zan ɗora masa abin da bai yi ba, bai yi min tsawa ba. Ya karanta takardar kotu har ƙasa. Ya ce Hajiya, takardar nan ta ce mai wannan suna ita ce mai wancan, ya yarda. Amma ba ta ce yarinyar da ke bayana ita ce ta cikin fasfo ba, tunda babu hoto. Ya ce a jerinsa ofishin da ya saya min tikiti ya rubuta mutum ɗaya, ba yaro. Yarinyar kuma an saya mata a wani gari, a wata rana, da wani suna. Ya ce ana ɗaukar 'ya'yan mutane a fasfon wasu a kai su aikatau, idan aka kama a can a mayar da su, su kuma a nan a tuhume su. Yaya ya fara rantse-rantse, ya ɗaga masa hannu. Ya ce abin mai sauƙi ne, a sauke yarinyar.

Na sauke ta. Ya zagayo ya durƙusa a gabanta, ya ce 'yan mata, yaya sunanki? Ta ce Azumi. Ya ce to sunanki na yanka fa? Ba ta san me ake nufi ba. Sai ya karanta sunan da ke fasfo, ya ce wace ce wannan? Ta washe baki, ta ce Inna ce, tana gida, ƙafarta ke ciwo shi ya sa ba ta zo ba.

Wasu a layi suka yi dariya. Na shiga yi masa bayani, na ce ai ya sani, shi ma Bahaushe ne, sunan surukata ne, 'yar fari ce. Ya ce ya sani sarai, a gidansa ma haka ake. Na ga yana so ya taimake ni, wallahi na gani a fuskarsa. Ya ja ta gefe kaɗan wajen taga, ya juya min bayanta, ya dawo. Ya ce uwa dai uwa ce, in kira ta da sunan da ke fasfo, idan ta waiwayo zai sa hannu ya ɗauki nauyin a wuyansa.

Baban Azumi, na kira. A gaban yayanka, a gaban mutum ɗari, na buɗe bakin nan da ya ƙi buɗuwa a bakin Iku. Na ce Asama'u. Ka ga na rubuta ma. Na sake cewa Asama'u, da ƙarfi, har muryata ta fashe. Sau uku na kira. Tana tsaye ta manna goshi a gilashi tana neman jirgin da aka ce mata yana waje. Ko motsi ba ta yi ba. Ta san muryata, amma ta ɗauka da wata nake.

Dattijon ya miƙo min takarduna. Ya ce in yi haƙuri, ni zan iya shiga, kujerata tana nan. Na ce in shiga in je in yi me? A kai idona wa likita? Ina tsaye aka kira mutum biyu daga masu jira, aka ba su wurarenmu. Ɗaya har ya ce min sannu.

Yaya ya bi su ofis-ofis har jirgin ya tashi. Da Azumi ta ji ƙararsa ta ce Umma, namu ne? Na ce a'a, namu bai zo ba tukuna. A mota ta yi barci a jikina tun daga Zariya. Da muka iso Diko Yaya ya ce laifinsa ne, shi ya kai ni wurin ejan. Na ce a'a. Kwana goma sha takwas ina da su a hannuna, an gaya min abin da zan yi, na zaɓi kunyata. Kar ka rubuto ka ce min ƙaddara ce. Na san ƙaddara ce, amma ni na san abin da na yi.

Jibi ne ranar likita, na sa Yaya ya sa maka wannan roƙon a talgiram ɗinsa, amma bari in maimaita. Don Allah ka je da kanka, kar ka aika takarda. Ka tsaya a gabansa ka roƙe shi ya ba mu wata rana mafi kusa. Ka gaya masa idon ba ya jira.

Ka yafe min.

Sakinatu.


Suleja,
14 ga Oktoba, 1979.

Baban Azumi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Talgiram ɗinka ya iso, na ga an ba mu sabuwar rana, shida ga Nuwamba. Allah ya saka wa likitan nan da alheri. Na ga kuma kalmomi biyu na yafiya da ka ƙara a ƙarshe, na gode, ko da yake ban cancanta ba.

Ka ji yadda suka so su sake yi mana. Minna suka ce sun sama min wuri sha takwas ga watan nan, ejan kuma ya ce yarinyar sai tsakiyar Nuwamba. Yaya ya ce ya isa haka. Ya mayar musu da tikitin duka biyun, ya je ofishin masu jirgin da fasfo a hannu, ya sayi sabbi a teburi ɗaya, a takarda ɗaya, ya tsaya a kan akawun har ya kwafi sunan. Ɗaya ga Nuwamba muka samu, kafin nan babu wuri, ga jigilar alhazai ta cika filin. Maman Yetunde ta duba sau uku, ta ce yanzu uwa da 'ya take gani.

Daren da muka dawo ban iya gaya wa Inna ba, da safe Yaya ya gaya mata komai. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. Ta ce ashe saboda ita aka yi wannan ɓarnar, tana zaune a gida ba wanda ya tambaye ta? Ta ce suna nata ne, ta bayar tun ranar da aka yanka rago, me za ta yi da shi a shekarunta? Ta tara gidan, har 'yan haya, ta ce daga yau duk wanda ya sake kiran yarinyar Azumi, to bai gaishe ta ba. Ita ta fara kira da bakinta. Yarinyar ta yi kwana uku tana dariya, tana cewa Inna na kiran kanta. A na huɗu ta fara amsa wa Inna. Ni ce dai idan na kira sai ta yi shiru, kamar tana jin nauyina.

Yau da safe ina tsaye a ƙofar madafa, tana zaune a bakin rumfa, tsakaninmu bai fi taku goma ba, ga gari ya waye tas. Na ce Asama'u. Ta ce na'am, Umma. Ta amsa min, Baban Asama'u, karo na farko. Ta tashi da murnarta ta miƙo hannu, ta nufi wajen rijiya, inda ba kowa. Sai da na sake magana ta gyara hanya.

Saura kwana goma sha takwas. Ka koma wurin likitan ka faɗa masa wannan yadda na faɗa maka, ka tambaye shi ko in ƙara yawan maganin. Ka bugo min amsar, kar ka rubuto.

Inna tana gaishe ka, Yaya ma haka.

Taka,
Sakinatu.